Katakon gicciye: a gwada shi a Maraɗi kafin a gina wa yaranmu aji da shi

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Ni kafinta ne a nan Maraɗi, na fi shekara ashirin da zarto a hannu, kuma ban saba rubuto wa jarida ba, amma akwai wata magana da ta ƙi barina in yi barci. Kwanakin baya wani bidiyo ya yi ta yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp na masu aikin gini, ana nuna wani dogon bene a ƙasar Norwe mai hawa 18 wai da katako aka yi shi, nan take guruf ya rabu biyu, wasu na cewa ƙarya ce haɗi ne na kwamfuta, wasu kuma na cewa ai ga mafita ta samu a kawo mana shi gobe-gobe a yi azuzuwan lakwal da shi mu huta da tsadar siminti da rodi. To ni dai duka ɓangarorin biyu ban bi kowa ba, shi ya sa na ce bari in rubuto ko Allah zai sa masu hannu a kan lamarin su gani.

Da farko abin gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Benen yana wani gari da ake kira Brumunddal, tsawonsa mita 85.4, an gama shi a 2019. Ɗan ƙanena da ya karanci fannin gine-gine shi ya zaunar da ni a shago ya yi mani bayani dalla-dalla, har da zane a bayan kwalin kusa. Turawa na ce wa irin wannan katako CLT, ni kuma na raɗa masa katakon gicciye don haka yake. Falankai ake samu a busar da su a cikin na'ura har laimar da ta rage cikinsu ta dawo wajen kashi 12 cikin ɗari, a goge su sumul, a jera sahu ɗaya, a shafa gam, a jera sahu na biyu amma a gicce, a sake shafa gam, na uku ya koma yadda na farko yake, sai a sa a injin matsa ya danne su har su zama abu guda. Sahu uku ake yi ko biyar ko bakwai, don na sama da na ƙasa su fuskanci gefe ɗaya. Abin da ke fitowa wani ƙaton allo ne, faɗinsa ya kai mita 3, tsawonsa har mita 16, bango guda ke nan ko daɓen bene guda, tun daga masana'anta ake yanka masa ƙofa da taga, a kawo a mota injin ɗaga kaya ya ɗaga ya ajiye a ɗaure. A Landan a 2009 an yi wani gida mai hawa 9, na ƙasa kankare sauran takwas ɗin wannan katako, kafintoci huɗu kacal suka tsai da shi cikin kwana 27. Wallahi da na ji wannan sai da na ajiye guduma na yi shiru, kafinta huɗu fa.

Hikimar gicciyen kuwa ko mai faskare ya san ta. Icce ta tsawonsa yake da ƙarfi, in ka biyo jijiyarsa da gatari sara ɗaya ya tsage, in ka zo masa a gicce sai ka yi gumi. Kuma in ya sha laima ta faɗinsa yake kumbura, ta tsawo da ƙyar yake motsi. To in ka gicciya su kowane sahu ya riƙe ɗan'uwansa, inda wannan ke da rauni wancan na da ƙarfi. Da yaron ya gama bayani sai na ce masa kai ai wannan aikin kakanka ne, don kakanmu magini ne a Tibiri, kuma na tashi na ga yadda ake rufin soro da azarar giginya, a fara karya kusurwa da gajeru, a zo a ɗora wasu a gicce a kansu, a sake gicciyawa, a shimfiɗa zana sannan a zuba ƙasa. Bambancin dai su ba gam, nauyin ƙasa ne ke danne su. Abin da Bature ya fi mu da shi ba dabarar ba ce, shi ya auna ne ya rubuta lamba. Wani malamin jami'a a Graz ta ƙasar Ostiriya, Gerhard Schickhofer, shi ya yi digirinsa na dokta a kan abin a 1994, daga nan aka yi ta karya allo bayan allo a ɗakin gwaji shekara da shekaru kafin a yarda mutum ya kwana ƙarƙashinsa. Yau Turai na da ƙa'idarta EN 16351, Amurka da Kanada na da tasu PRG 320, kuma dokar gini ta Amurka ta 2021 ta yarda a kai hawa 18 da katako.

Gwajin nan shi ne abin da ya fi jan hankalina. Ana ɗora allon a kan madogara biyu, inji ya danno daga sama a wuri biyu, a hankali a hankali, wata na'ura na auna milimita nawa ya lanƙwasa a kowane nauyi har ya karye, kuma ba guda ɗaya ake karyawa a tashi ba, da yawa ake karyawa sannan a ɗauki lambar masu rauni a cikinsu a yi lissafin gini da ita, ba lambar gwanin cikinsu ba. Abin mamaki, in allon gajere ne mai kauri ba ta ƙasa yake fara tsagewa ba yadda muka saba gani a falanki, sahun tsakiya ne da ke gicce yake ba da kai, jijiyoyinsa su mirgina a kan juna kamar ka taka damin kara ya zame da kai. In kuma allon dogo ne, tun kafin a zo maganar karyewa abin da ke hana shi shi ne lanƙwasa da rawa, mutum na tafiya a sama daɓe na girgiza, ga kuma saki da katako ke yi a hankali in nauyi ya daɗe a kansa, irin yadda kantar shago ke yin ciki bayan shekara biyu. Shi ma gam ɗin ana yi masa nasa gwajin, a yanko gunduwa a tura mata ruwa da ƙarfi a cikin tukunyar ƙarfe har ta sha ta ƙoshi, a busar da ita da iska mai zafi, sannan a zo a auna tsawon inda bakin gam ya buɗe.

Ni da ba na iya ganin abu in ƙyale, sai na ce bari in yi nawa. Na tattara guntayen farin katako da suka rage a shago, na goge, na haɗa sahu uku da farin gam ɗin da muke haɗa kujeru da shi, na matse da duk maƙalan da nake da su na ƙara da buhunan siminti a sama, kwana biyu. Guda huɗu na yi, kowane bai wuce mita ɗaya ba. Muka kai biyu garejin wani abokina, muka ɗora ɗaya a kan bulo biyu ƙarƙashin wata tifa da aka yi wa lodin yashi, muka sa jak a kan allon yana tokare da ƙarfen motar, yaron shagona na bugawa. Da farko shiru, sai muka fara jin ƙas ƙas kamar ana taunar aya, na ce ya ci gaba, na durƙusa na haska da fitilar waya, sai ga wasu ƙananan tsagu a karkace suna fitowa a sahun tsakiya ɗaya bayan ɗaya, na sama da na ƙasa kuwa lafiyarsu lau, daidai yadda yaron nan ya zana mani a kwali. Na biyun kuma bai ma kai nan ba, fat ɗaya ya yi sahun ƙasa ya rabu da na tsakiya, da na duba wurin sai na ga gam ɗin yana ƙyalli, ko zaren katako ɗaya bai ɗauko ba, ashe falankin da na sa a nan bai gama bushewa ba. Hannu ɗaya ya yi su, rana ɗaya, gam ɗaya, da ido ba ka bambance su. Kuma da abokina ya tambaye ni to kilo nawa na farkon ya ɗauka kafin ya tsage, sai na buɗe baki na rufe, jak ba ya faɗin lamba.

Kada wani ya ce ai don aikin shago ne. A Amurka ma, a jihar Oregon a 2018, ana cikin gina wani bene na jami'a wani ɓangare na allon daɓe ya ɓare ya faɗo ƙasa, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, da aka bincika sai aka gano a masana'anta ne aka ɗumama falankan kafin a haɗa su, gam ya fara kamawa tun ba a matse ba, dole aka bi sauran allunan ɗaya bayan ɗaya aka cire masu yawa. Inda ake da injin da ma'auni da sufeto ke nan. To ina ga ranar da abin ya yi suna a nan, kowa ya buɗe rumfa a bakin kasuwa yana manna falanki yana cewa irin na Turai ne? Mu da muka san yadda ake buga bulo, buhu ɗaya a fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, mun san inda za a je.

Girgizar ƙasa sun gwada ta sosai, a 2007 Italiyawa suka ɗauki allunan gida mai hawa 7 suka kai Japan suka haɗa shi a kan wani ƙaton faifai da ke girgiza, aka kunna masa irin girgizar da ta rusa Kobe a 1995, ya tsaya da ƙafarsa, a 2023 kuma aka yi da mai hawa 10 a San Diego. Abin da aka koya shi ne allon kansa ba ya cika samun matsala, mahaɗa ce ke shan wahala, ƙarafan kusurwa da dogayen kusoshi masu murɗi. Madalla, amma mu girgizar ƙasa ba ita ce ta dame mu ba, iskar farkon damina da ke yaye kwano ita ce tamu, kuma tunda abin ba nauyi, mita ɗaya ta kowane gefe bai wuce kilo 500 ba alhali kankare na kai 2400, dole a san yadda za a ɗaure shi da tushe. Ko benen Norwe ɗin nan da ake ta yaɗawa, bidiyon bai faɗi cewa manyan ginshiƙansa wani nau'in katako ne daban da ake mannawa a miƙe ba, bai kuma faɗi cewa a hawa na sama-sama sai da suka zuba daɓen kankare don ya yi nauyi iska ta daina kaɗa shi ba.

Sai maganar wuta, kuma a nan ina roƙon a yi mani uzuri don abin na taɓa zuciya. Duk ɗan Maraɗi ya san ranar 8 ga Nuwamba 2021, ranar da gobara ta tashi a azuzuwan zana ta ci ran yara aƙalla 25, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Tun daga ranar in ka ce wa uwa za a sa ɗanta a ajin da wuta ke iya ci, ba za ta tsaya jin lissafinka ba, kuma tana da gaskiya. To amma in za a yi adalci, zana daban gungume daban. Duk mai dafa abinci da icce ta san kara na cinyewa nan da nan, gungumen gawo kuwa sai ya kwana yana ci cikinsa bai ƙone ba, gawayin da ya yi a baya shi ke kare cikin. Sun auna wannan, irin katakonsu wuta na cinsa wajen milimita 0.65 a minti ɗaya, wato awa guda bai kai santimita 4 cif ba, sai injiniya ya ƙara kaurin allon da wannan lissafi don ko wuta ta yi awa tana ci abin da ya rage ya riƙe rufin har mutane su fita. Sai dai an gano wani abu a gwaji, wani gam ɗin in zafi ya iso shi sakewa yake, sahun da ya zama gawayi ya faɗo, sabon katako ya bayyana wuta ta sake tashi, shi ya sa tun 2018 ƙa'idar Amurka da Kanada ta ce sai gam ya ci jarrabawar zafi kafin a yi aiki da shi. Ka ga ke nan ba a cewa katakon gicciye na jure wuta a yi shiru, sai a ce wane icce, wane gam, kauri nawa, wa ya gwada.

Yanzu ga inda nake son masu ilimi su saurare ni. Duk gwaje-gwajen nan tambayoyin ƙasarsu suka amsa, da iccen ƙasarsu mai laushi da ke fitowa cikin sanyi. Mu tambayoyinmu uku ne kuma ban ga wanda ya zo nan ya amsa su ba. Ta farko gara. Farin katakon da ke zuwa mana ta Jibiya da Ɗan Isa, in ka jingina shi da bangon ƙasa ka yi tafiyar wata biyu ka dawo sai ka tarar da fanko, fenti a waje ƙasa a ciki, na sha cire gangar ƙofa da hannu ɗaya tana zuba kamar garin kwaki. Kakanninmu ba don ado suka zaɓi giginya ba, don gara ba ta son ta ne, shi ya sa har daga Gaya ake ɗauko azara. Iccen da Turawa ke yin allon da shi ba shi da wannan kariya ko kaɗan, kuma abin tsoro a allo mai sahu biyar shi ne gara na iya shiga ta ɗan tsagin da ke tsakanin falankai ta cinye sahun tsakiya kana kallon waje sumul. A Ostireliya da suke da gara suna sa wa falankan magani kafin a haɗa, to maganin zai iya da tamu garar, kuma shekara nawa zai yi, kuma gam zai kama katakon da ya sha magani yadda ya kamata? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ta biyu hunturu da bazara. An busar da abu zuwa kashi 12, an kawo shi garin da a watan Janairu leɓen mutum ma tsagewa yake, katako na bushewa ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sannan Agusta ta zo ya sha laima ya kumbura. Kowane kafinta a garin nan ya san ƙofar da aka yi da damina sai ta buɗe baki da hunturu har ka hango tsakar gida, wadda aka yi da rani kuma ta ƙi rufuwa da damina mai gida ya zo yana yi maka faɗa. A katakon gicciye sahu na hana sahu motsi, wannan alheri ne don allon ba zai canza girma ba, amma ƙarfin jan nan ba ɓacewa yake ba, a kan bakin gam yake sauka, shekara bayan shekara, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a inuwa balle ƙarƙashin kwano. Ta uku ruwa. Mun ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa gidaje a garin nan. Wannan allo in ruwa ya kwanta masa ko kwano ya yi yoyo ba a lura ba, ta bakin yanka yake sha, ya riƙe a ciki, ya ruɓe a ɓoye, kuma mu wa ke hawa rufin lakwal ya duba yoyo kafin silin ya faɗo?

Akwai kuma tambayar da wani dattijo ya yi a shagona da ta fi duk nawa, ya ce to iccen daga ina? Ostiriya kusan rabin ƙasarsu daji ne. Mu kuwa gawo da kalgo da sabarar da ake gani a gonaki daga nan har Agye da Tasawa, da guminsu manoma suka dawo da su ta hanyar sassaben zamani tun wajen 1984, ana barin tsiron kututture ana gyara shi, har duniya ta zo tana koyo a wurinmu, ba za mu mai da su falanki ba, dajin Baban Rafi ma da ƙyar yake numfashi saboda iccen girki. In kuma daga Turai za a ɗauko, allo mai mita goma sha wani abu a biyo da shi teku, a sauke a tashar jirgin ruwa, a yi kwana da kwanaki a kan hanya zuwa nan, ina jin kafin ya iso simintin Malbaza ya fi shi araha nesa. Abin da na ga yana da ɗan haske shi ne a Afirka ta Kudu suna yin nasu da iccen da suka dasa da hannunsu, har da iccen turare, irin turaren nan da muke gani a bakin fadama. In turare ko bedi da aka dasa don yanka za su yi, to magana ta fara zama tamu, ko da ba bene ba, ko allon rufi ne mai faɗin aji da zai hana zafin kwano sauka kan yara.

Don haka roƙona ta bakin jaridarku, Malam Edita, ga malaman fannin gini na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan garin, da ɗakin gwajin kayan gini na ƙasa da ke Yamai. Injin da ke fasa gunduwar kankare yana faɗin lamba, a yi masa 'yar dabara ya karya mana allo. A ba ɗalibai aikin ƙarshen karatu a kai, a haɗa da turare da bedi da farin katako da jan katako, gam iri biyu ko uku, a karya wasu yanzu, a bar wasu su ga hunturu biyu da damina biyu a kan rufin kwano sannan a karya, a binne wasu kusa da suri, a ƙona wasu da agogo a hannu, a rubuta abin da aka gani da Hausa yadda ni da magini za mu karanta. Kuma kafin a yi haka, duk ƙungiyar da ta zo da shi a kwantena ta ce za ta yi mana aji, magajin gari ya tambaye ta takardar gwajin gara da ta gam, ba hoton benen Norwe ba.

Sauran guda biyun da na haɗa suna nan. Ɗaya na jefa shi kan rufin shago tun watan jiya rana na dukansa, ɗayan na binne rabinsa a gindin wani suri a gonarmu ta hanyar Madarunfa, na sa dutse a wurin don kada yara su tone. Bayan girbi zan ciro su in Allah ya kai mu. Duk malamin da ke da injin da ke faɗin lamba ya aiko ɗalibinsa ya ɗauka, falanki da aikin hannu na wasu goma ma ni zan bayar kyauta, gam ɗin kirki dai shi ne ba ni da shi.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
wani kafinta daga unguwar Zariya, Maraɗi